Biden Inna Kande

Sersouf, Tamanrasset
Nuwamba 2003

Yaya Zainaba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki, da maigida Mahamane, da yara. Ki gaishe mini da Inna, ki ce autanta yana gaisuwa a durƙushe.

Hasan direba ya kawo mini saƙonki, cewa an mai da aikin maigida N'Gigmi bayan sallar layya, kuma ɗaki ɗaya aka ba ku. To, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina gina gidajen mutane, yau na gina nawa. Ɗakin Inna yana nan da sabon fenti, tagarsa na kallon duwatsu, matata Zuhura har labule ta ɗinka. Makewayi kaɗai ya rage, shi ma ina kansa.

Sai Hasan ya ce Inna ta ce ba ta zuwa, ko da za a bar ta ita kaɗai a Damagaram. Wannan magana ta hana ni sukuni. Laifi muka yi mata, ni ko matata? Ko hanyar sahara take tsoro? Ki faɗa mini gaskiya.

Ƙaninki,
Isufu

Damagaram

Isufu,

Muna amsawa, kowa lafiya. Kai dai har gobe ba ka da lura. Ka cika takarda da taga da labule, sai ka ce labule ne ya dame ta.

Zan faɗa maka abin da ba a faɗa wa ɗa namiji, ka karanta ka yi shiru. Tun da hannunta na hagu ya shanye, Inna ba ta iya tsarki ita kaɗai. Malam ya ce lalura ce, ta yi da dama. Ta ce hannun da take cin tuwo da jan carbi ba zai je can ba. Ko ta yarda ma, wa zai riƙe butar? Ni nake shiga da ita. Ni ɗin da ta haifa, kau da kai take yi tana hawaye. Ta rage ci, ta rage shan ruwa, don kada ta yawaita kirana, duk ta rame.

Yanzu kana so ta tuɓe gaban surukarta? Ta ce gara ƙasa ta rufe ta. Ba ƙin Zuhura take yi ba, kullum sa mata albarka take. Ni kuma ban san yadda zan yi ba, ga miji ga uwa.

Ka gaida Zuhura.
Yayarka,
Zainaba

Sersouf

Yaya,

Bayan gaisuwa, na karya umarninki. Zuhura ta same ni da takardarki ina sharar ido, dole na ba ta. Ta karanta, sai ta ce, "Maigida, ɗan kwanon tangaran ɗin nan da kake girkawa gefen masai a gidajen manyan ma'aikata, na mene ne?"

Na ce na wankin ƙafa ne.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Yaya, na girka su ba iyaka, ina ja da baya ina yaba aikina, ashe ban san amfaninsu ba. Bide ake ce masa. Ana zama a kai kamar kujera a yi tsarki. Maƙwabciyarmu Balarabiya ce ta nuna mata tun tuni.

Muka zaga kasuwar Assihar, babu, sai butoci kamar a Damagaram. A cikin gari muka samu wurin wani dattijo mai sayar da kayan ruwa, iri biyu gare shi. Ɗaya kore shar, bakin famfonsa ruwan zinariya, ruwa na zuba ta sama. In kin gan shi sai ki so ki ci tuwo a ciki, kuma ya dace da karo, wato tayil ɗin da na manna a bango. Ɗayan fari ne, ba ado, ƙura ta rufe shi a lungu, shi ruwansa daga ƙasa yake tsartowa. Ni koren nake so wa Inna, uwata ta cancanci mai kyau. Zuhura ta kafe a kan farin. Muka yi ta musu har dattijon ya gaji ya kawo mana shayi. Ke ce babba, ki raba mu.

Ƙaninki,
Isufu

Damagaram

Isufu,

Gaisuwa. Na yi dariya har Mahamane ya leƙo. Malamin gini guda, sai mace ta gaya maka abin da kake ginawa.

Zuhura ce da gaskiya. Korenka buta ce da aka yi wa kwalliya, sai an sa hannu an ɗebo. Ka ɗauki farin, ruwan ya yi aikin da kansa. Famfon ya zama mai mariƙi wanda ake turawa, ba na murɗawa ba, kuma ka kafa ƙarfe a bango ta hannun dama, ta dafa ta tashi.

Na yi wa Inna bayani. Ta rufe baki ta ce, "Allah ya shirya mutanen duniya." Na bar ta. Jiya ina mata kitso sai ta ce, "Wannan kujerar ruwa ta yaron nan, ina take kallo? Kada ya zaunar da ni ina fuskantar alƙibla, ko in ba ta baya."

Ka ji abin da ta ce? Kada ka zaunar da ita. Ke nan ta yarda za ta zo. Ka duba bangonka da kyau.

Yayarka,
Zainaba

Sersouf

Yaya,

Ina gaisuwa. Bangon gabas na binne tiyo, na kuma gama manna karo a kai. Ko ta kalli bango ko ta juya, ta saɓa. Ban taɓa fasa aikina da farin ciki ba sai ranar, ina guduma ina waƙa, maƙwabta suka ɗauka na zare. Na mai da shi bangon kudu.

Ruwa a nan motar siterni ke kawowa, sai na ɗora tanki a kan rufi, na shafe shi da baƙin fenti don rana ta kashe masa sanyi. Gwajin farko na sunkuya ina dubawa, Zuhura ta tura famfo, ruwa ya wanke mini gemu. Ta rantse ba da gangan ba ne, amma har yanzu in ta kalle ni sai ta juya baya. Na rage wa ruwan ƙarfi.

Hasan ya ajiye wa Inna kujerar gaba.

Ƙaninki,
Isufu

Sersouf
Fabrairu 2004

Ke 'yar nan,

Uwarki Kande ce ke magana, matar ƙaninki ke rubutawa. Ina gaishe ki da mijinki da jikokina. Na iso lafiya. Hanya da tsawo, garin da sanyi, mutanen da kirki.

Ranar da na sauka, na shiga wurin nan, na tura sakata da hannuna. Da suka ji shiru, yaron nan ya rikice, yana buga ƙofa yana "Inna, lafiya?" Ban amsa ba. Da na fito na tarar da shi riƙe da guduma zai ɓalle ƙofar da ya kafa. Na ce, "Yaushe aka fara magana a makewayi? Haka na tarbiyyantar da kai?" Ya tsaya yana dariya yana kuka, gardi da gemunsa.

Lafiyata lau. Shekara biyu rabona da in rufe ƙofa in zauna ni kaɗai, shi ya sa na daɗe. Na fito na yi alwala na yi la'asar, ban kira kowa ba.

Ki bi mijinki da kwanciyar hankali. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini.

Uwarki