Inna, Hancin da Kika Bar Mini Ya Kai Ni Gaban Kofi

Zuwa ga mahaifiyata Hajiya Mariyama mai turare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima, 'yarki Ramatu ce daga Lyon. Ina lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba. Akwai takardar aiki da ke jiran sa hannuna ranar Litinin, kuma takardun zamana a ƙasar nan sun rataya a kanta. Idan ban sa hannu ba, nan da 'yan makonni ba ni da hurumin zama Faransa.

Bari in fara da abin da na ɓoye miki tun kina raye. Da kike gaya wa maƙwabta a Damagaram cewa 'yarki na karatun ƙamshi, gaskiya kika faɗa. Amma aikin da na samu bayan karatun, a gidan dillalan giya ne. Ni ce mai shinshina toshiyar kwalabe, wannan ɓawon itacen da ake toshe bakinsu da shi, in ware masu warin ruɓa. Kawu Issufu na Montreuil ya riga ya yi mini wa'azi ta waya har batirinsa ya mutu, kuma ban ce bai da gaskiya ba.

Wata takwas ina wurin, ɗigo bai taɓa harshena ba. Idan an taru ana ɗanɗanawa, al'adarsu su kurɓa, su wasa shi a baki, su tofar a ɗan bokiti. Ni kuwa in ɗaga kofi, in sa hanci, in faɗi abin da na ji, in ajiye. Cikin mutum goma sha babu mai lura da bakin wani. Madam Odile, shugabata, har yaba ni take. Ban yi mata ƙarya ba, Inna, amma ban gaya mata gaskiya ba, kin san kuma yadda kike kiran irin wannan.

Ranar Alhamis ta ɗauke ni muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Wani dattijo ne zai rabu da tsofaffin kwalaben giyar shampan da ya ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yana so a buɗe ɗaya a ga ko da sauran rai. Da na shiga falon na ga kujeru uku kacal a gaban tebur, sai na gane yau ba taron da zan ɓuya a ciki.

Kwalbar ta girme ni da kusan shekara goma. Takardar jikinta ta cinye, ƙura ta zauna mata a kafaɗa. Dattijon ya ce shi da matarsa suka saye su shekarar da suka tare a gidan, ita kuma ta rasu bara. Bai bari Madam ta buɗe ba. Da kansa ya murɗa, toshiyar ta fita ba ƙara, sai ɗan huci kamar na mai barci.

Kin tuna kwalaben humrar da kike turawa ƙarƙashin gado, ki hana kowa taɓawa wata shida? In na dame ki sai ki ce, "Turare ba ya son mai gaggawa, Ramatu, ki bar shi ya yi hankali." To wannan ya yi hankali. Da aka zuba a kofi, sai ga launinsa ya bar fari ya koma na man shanu da aka soya. Kumfarsa ba irin ta sabo ba ce mai hauka, 'yan ƙwayoyi ne ƙanana suna hawowa a layi ɗaya, a hankali. Tun daga inda nake zaune na ji ƙamshin gasasshen burodi, da soyayyar gyaɗa, da busasshen dabino, can ƙasa kuma wani abu kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba bayan an yi ruwa.

Sai ya miƙe tsaye, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, ya zagayo tebur, ya miƙo mini kofin da hannunsa. Ni kuma, kafin in yi tunani, na ɗan rusuna na karɓa da hannu biyu. Tarbiyyarki ce ta riga ni. A nan ba a yin haka, shi ya sa ya tsaya yana kallona da murmushi, yana jira. Da na karɓa da hannu ɗaya kamar kowa, da ya koma kujerarsa.

Ke kika ce mini, "Babba in ya miƙo miki ruwa da hannunsa, ko ba ki jin ƙishi ki taɓa da baki." Ke ce kuma kika riƙe kunnena a tashar mota ranar da zan taho, kika ce, "Ki tsare bakinki daga abin da Allah ya hana." Ban taɓa zaton maganganun nan biyu za su haɗu a kofi ɗaya ba. Madam ta kurɓa, ta tofar, ta juyo. Saura ni.

Na ce masa ya gafarce ni, ni ba na sa shi a baki, ban taɓa ba. Na ce amma yana da rai, na lissafa masa duk abin da hancina ya ji.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Duk abin da kika faɗa haka ne, 'yata." Sai ya karɓi kofin daga hannuna, ya juye shi cikin bokitin tofi. Ba da faɗa ba. Ya ce ba a mayar da shi kwalba, kuma shi ba ya shan na wani.

Inna, a nan ne zan gaya miki abin da ba zan iya gaya wa Kawu ba. Na ji ciwon zubar nan har cikin raina. Abu ya yi shekara arba'in yana jira a cikin duhu, aka zubar saboda ni. Na san haramun ne, na kuma san ban taɓa shinshina abin da aka yi wa haƙuri kamarsa ba tun bayan humrarki. Duka biyun gaskiya ne, ban san yadda zan raba su ba.

Awa biyu muka yi a jirgi. Sai da muka sauka Lyon Madam ta ce, "Hancinki ya fi nawa, Ramatu. Amma wata takwas kina barina ina tsammanin kin ɗanɗana. Takardar na kan teburina. Mai sa hannu zai kurɓa ya tofar, kamar kowa." Ban ga laifinta ba.

Na yi kwana uku ina juya maganar. Zuciyata ta ce ai tofarwa ake yi, ba haɗiya ba. Na san muryar nan, ita ce ta kai ni gidan giyar tun farko.

Ranar Litinin zan je in mayar mata da farar rigar aikin da ta ba ni, in gode mata. Zan nemi wani wurin, ko gidan sabulu ne, kafin kwanakin su ƙare. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Idan kuma ba a dace ba, zan dawo gida. Saboda takardun nan ne ban zo jana'izarki ba, aka ce in na fita ba zan iya komowa ba, na zauna na yi kukana a ɗakin haya. Sun riga sun cinye mini ganinki na ƙarshe, Inna. Ba zan ƙara musu da wannan ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya yafe mini abin da na ɓoye. Ya ba dattijon nan haƙurin rashin matarsa. Ya sa ƙafafuna su kai ni ofishin nan ranar Litinin ba tare da na canza magana a hanya ba.

Taki har abada,
Ramatu