Kwanon Geron da Na Hana Innarku

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ni Badaru, mahaifinku, ni na rubuta wannan da hannuna, yau Talata bayan la'asar. Ƙafafu sun kumbura, numfashi sai da dabara, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce ruɗin tsufa ne. Basiru, Barira, Kamilu, a karanta kuna zaune ku uku.

Na ɗaya. Gida da gonaki, a kira Liman ya raba muku yadda shari'a ta ce. Kada a lallashi Barira ta bar wa maza rabonta don tana aure a Tofa. Basiru, da kai nake, na san bakinka.

Na biyu. 'Yar gonar bakin rafi a cire ta kafin rabo, ba ta kai sulusi ba, a ba kawunku Mika'ilu. Na san za ku yi mamaki, shekara tara ko gaisawa ba ma yi. Na ce muku zagina ya yi ranar jana'izar innarku Safara'u, kuka ɗauke ƙafa daga gidansa. Ƙarya na yi muku. Gaskiya ya faɗa mini, na kasa ɗauka.

Shekarar farin nan ce, ba kowa a gida. Basiru yana dako a Dawanau, Kamilu ya tafi ci-rani, Barira tana ɗakinta. Abinci ya ƙare tun kafin bazara, muna cin dusa da tafasa, sai dami uku na iri a rumbu. Na yi binne, na zuba irin a busasshiyar ƙasa ina jiran ruwa. Aka yi yayyafi, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Na sake, haka. Saura dami ɗaya.

Lokacin innarku ta kwanta, gudawa ta cinye ta, dusa ba ta zama a cikinta. Wata safiya ta roƙe ni in sussuke mata kwano ɗaya daga irin, a dama mata kunu. Na ce a'a. Na ce mata tun daga kakanni gidanmu ba a cin iri, wanda ya ci irinsa ya ci baɗinsa, ta yi haƙuri ruwa ya kusa. Har da faɗa na yi mata, wallahi. Kun san ta, ba ta sake tambaya ba. Kwana tara ta rasu. Ranar jana'iza Mika'ilu ya leƙa rumbu neman abin da za a dafa wa baƙi, ya ga damin. Ya jawo ni gefe, ya tambaye ni ko ƙanwarsa dusa ta mutu tana ci alhali da gero a gida. Abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba. Ni kuwa na kore shi a gaban mutane.

Damin na shuka shi bayan sadakar bakwai. Ko zangarniya ɗaya ban girba ba.

Na uku. Kuna ganina a sahun gaba kuna cewa Baba ya yi tawakkali. Ina fa! Kusan shekara uku baki ne ke salla, zuciya tana can tana gardama. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce kwananta ne ya ƙare. Na sani, na karanta, ajali ba ya wuce sa'arsa. To in an riga an rubuta, me ya sa abin ke cina haka? In kuwa ni ne sila, ina zan sa kaina? Na kai ga tambayar me ya sa aka karɓe ta kuma aka hana ruwan. Astagfirullah. Liman ya ce shaiɗan ne, na yarda, amma tambayar ba ta tafi ba. Yanzu ina salla da zuciyata, sai dai ban samu amsa ba. Wataƙila kunun ba zai tashe ta ba. Amma ta roƙa na hana, wannan kam ba na shakkarsa. Ku roƙa mini gafara, in ɗayanku ya shiga irin wannan hali kada ku ce ya kafirta, ku zauna da shi.

Na huɗu. In na rasu, kafin sadakar uku ku je gidan Mika'ilu, ku durƙusa, ku karanta masa wannan. Sau biyu ina kama hanyar gidansa ina juyowa daga bakin masallaci. Girman kai ne, tir da shi.

Na biyar. Ku adana iri, manomi ba ya wasa da shi. Amma in mara lafiya ya nema, a buɗe rumbu, ko na ƙarshe ne.

Ita ba ta nan balle in nemi yafiyarta, ku ne kuka rage. Ina roƙonku ku yafe mini abin da na yi wa uwarku, da kawun da na raba ku da shi. Ban ce dole ba. Kamilu, kai ne ɗan ɗakinta, in ka kasa ban ga laifinka ba. Abu ɗaya na hore ku da shi: wanda ya yafe kada ya tsangwami wanda bai yafe ba, kada ku rabu a kaina. Ku ci tuwon salla a kwano ɗaya, 'ya'yanku su san juna. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku damina mai kyau, ya jiƙan Safara'u. Ni kuma za ni inda za a tambaye ni, kuma wannan karon ba ni da wanda zan kora.