Kwarmin da ke Bisa Uwar Maƙerar Baba

Alhamis, 11 ga Satumba, 2014

Jiya muka iso Yola, ni da Baba da Mama. Kwana uku a kan duwatsu, sauran hanyar a bayan motar shanu. A harabar wata coci muke kwana a Jimeta, mutane ko'ina, wurin miƙe ƙafa ma sai an yi rabo.

Ƙanena Philemon bai iso ba. Da harbi ya matso ƙauyenmu na wajen Michika, Baba ya ce masa ya tura uwar maƙera cikin ramin gawayi, ya rufe ta da ƙasa, ya biyo mu. Philemon ya ce mu yi gaba. Muka yi gaba.

Baba bai ɗauko komai ba sai masabarsa, gudumar nan mai nauyi da yake dukan ƙarfe da ita. Mama ta ce ko bargo ne ai da ya fi amfani.

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Kusan shekara goma sha ɗaya ban buɗe littafin nan ba. Yau dole.

Tsohon ƙarfen taya da muke bugawa a makaranta a matsayin ƙararrawa ya tsage, hedimasta ya ce tunda ni Keturah ba na iya ganin abu a karkace in yi shiru, in je wurin 'yan gwangwan in samo wani. Na je bayan babbar kasuwa. Ina cikin ɗaga tsummokaran ƙarfe da gefen takalmi, sai ga uwar maƙerar Baba a kife a ƙarƙashin wata ƙofar mota. Ja wur da tsatsa. Bakin ƙahonta a gutsure.

Wannan gutsuren na san shi. Tabonsa yana nan a ƙwaurina na hagu tun ina shekara shida.

Mai wurin, Najmuddeen, ya ce daga wajen Michika aka kawo ta cikin lodin wata mota. Ya ce masu kawowa tono ta suka yi daga ƙasa. Na tambaye shi sau biyu. Ya ce, "Madam, daga ƙasa mana, dubi jan laka a gindinta."

Na dawo gida ba ƙararrawa.

Litinin, 5 ga Mayu

Ashe Philemon ya gama binne ta. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan yau, har na sa wa yaro maki a lissafin da bai ci ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Ban faɗa wa kowa ba. Baba yana Yolde Pate, a ɗakin da shi da Mama suke tun da aka tashe mu daga coci. Yanar ido ta rufe masa gani, sai inuwar mutum yake gani. Wuni yake a kan benci da masabar nan a ƙarƙashinsa. In ka gaishe shi ya amsa, in ka yi shiru ya yi shiru. Philemon har yau bai iso ba, sunansa kuma bai sake fitowa daga bakin Baba ba. Mutumin da a da in yana ƙira yana waƙa har sai Mama ta ce ya tausaya wa maƙwabta.

Ina so in ga ya tashi daga bencin nan. Ko sau ɗaya ne.

Yau ina ta tuna irin wannan lokaci a gida, gab da faɗuwar damina. Manoma a jere a ƙarƙashin tsamiya, kowa da tsohuwar fartanyarsa. Philemon a kan zugazugi yana hura wuta, gumi har gwiwar hannu. Ƙarar uwar maƙera kuwa har rafi ana ji, da ita mata ke gane gari ya waye sosai. Ni aikina in gasa gyaɗa a gefen toka in ƙona yatsa.

Amma kada in yi wa kaina ƙarya. A wajenmu maƙera jinsinsu daban ne. Ana buƙatarmu, ba a cin abinci kwano ɗaya da mu. A firamare kofina daban yake, a rataye a ƙusa. Shi ya sa da na zo Yola na ce babana manomi ne, kuma har yau a ɗakin malamai manomi ne. Malama Aishatu, wadda muke raba tebur da ita shekara bakwai, har tambayata take ko masararsa ta yi kyau.

Asabar, 10 ga Mayu

Na je cikin garin Yola na ɗauko Bappa Bobboyi, tsohon maƙerin da ke gyara wa Mama wuƙa. Na ce masa wani ne ya aike ni in duba masa. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya hau keke napep.

Yadda ya duba ta ya burge ni. Bai kalli tsatsar ba sam. Ya sa aka miƙar da ita a kan katako, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da ƙaramar guduma, gaba, tsakiya, baya, yana karkata kunne kamar mai sayen tukunya. Sannan ya ciro ɗan ƙwallon ƙarfe na cikin boris daga aljihu, ya sake shi a kan fuskarta. Ƙwallon ya yi tsalle ya dawo kusan tafinsa. Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, babu tsaga a ciki. Tsatsa riga ne kawai."

Ni kuwa ƙarar ce ta gama da ni. Ita ce. Sai da na juya baya na yi kamar ina duba wayata.

A gefe ɗaya na fuskarta akwai kwarmi kamar tafin hannu. Bappa ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa. Ya ce mai wannan ya ƙera fartanya da yawa. Na ce eh, ta lalace a wurin. Ya sake yi mini kallon nan na saman tabarau.

Shawararsa: a saye ta a kan sikeli kamar kowane gwangwan, kada in nuna zumuɗi. In an kai gida, kananzir, burushin waya, baƙin mai kaɗan. "Shi ke nan, 'yata. Kada ki ƙara masa komai."

Talata, 13 ga Mayu

Na saya. Zumuɗin da aka ce in ɓoye tun ranar farko Najmuddeen ya gan shi, don haka ya ɗora abin da ya ɗora a kan kuɗin kilo. Ban ja ba. Mutum uku suka ɗaga ta zuwa keke, mai keken yana ta ƙorafin tayarsa har ƙofar gida.

Da yamma na zauna da kananzir da burushi. Jan lakar gindinta na kankare ta a hankali na zuba a gwangwanin madara. Ban san me zan yi da ita ba, na dai kasa sharewa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Tsatsa ta fita, amma kwarmin nan ya hana ni sukuni. Duk inda na zaga sai idona ya faɗa kansa. Shekara goma sha ɗaya tana cikin ƙasa da bola, in kai wa Baba ita da rami a fuska? Bappa tsoho ne, a zamaninsu babu walda, shi ya sa.

Na kira Marvelous mai walda na bakin layinmu. Ya ce, "No wahala, Madam, zan yi shi ya zama sabo fil." Ya cike kwarmin da walda, ya bi da injin gurza har fuskar ta yi sumul kamar allon aji. Gefunan ya shafa musu baƙin fenti, kyauta. Na tsaya ina kallo ina jin daɗin kaina.

Asabar, 17 ga Mayu

Ban ma san ta inda zan fara ba.

Na kai ta Yolde Pate. Aka ajiye a gaban bencin Baba. Mama da ta ga ƙahon ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa. Na kama hannun Baba na ɗora a kai, na ce, "Baba, taɓa ka ji."

Ya shafa. Hannunsa bai je ƙaho ba, bai je gindi ba, kai tsaye ya tafi wurin da kwarmin yake. Ya shafa, ya sake shafawa. Sai ya janye hannun ya goge a riga.

"Mai kyau ce," in ji shi. "Ta wane ne?"

Na ce tasa ce. Ya ce a'a. Ya ce tasa tana da wurin lanƙwasa bakin fartanya, babansa ya fara shi, shi ya ƙarasa, shekara hamsin ana dukan wuri ɗaya kafin ya zauna daidai. Ya ce ko a mafarki hannunsa ya san wurin. Mama ta ce ga ƙahon nan a gutsure. Ya ce ƙaho kowace tana iya gutsurewa.

"Tawa tana ƙasa a gida, in yaron ya samu ya binne ta."

In ya samu. Yau na gane abin da yake zaune da shi a kan bencin nan. Kuma shaidar da za ta ba shi amsa ni na sa aka toshe ta, da kuɗina, ina tsaye ina murmushi. Kunya ta hana ni faɗa. Na ce rana ta yi, na tafi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ban je coci ba. Ni mai jan biro, mai gyara wa kowa kuskure.

Laraba, 21 ga Mayu

Na je wurin Bappa Bobboyi na faɗa masa komai, har da cewa ba wanda ya aike ni. Ya ce ya sani tun ranar, ɗiyar manomi ba ta kuka don an ƙwanƙwasa ƙarfe. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin sauƙi. Ya tambaya ko mai waldar ya gasa ta da wuta kafin ya cike. Na ce a'a, a sanyinta ya yi. Ya ce to da sauran magana, walda a kan sanyin irin wannan ƙarfe ba ta kama shi da gaske, zama kawai take yi a kai. Ya ba ni aron kurfi, guntun ƙarfe mai baki da ake sare ƙarfe da shi, da awartakin riƙe shi.

Asabar, 24 ga Mayu

Tun kafin in shiga gidan na ji ƙwanƙwasa. Na tsaya a bakin zana. Baba ne, ya jawo bencinsa kusa da ita, yana ɗan taɓa ta da masaba. Nan ta yi ƙara, nan ta yi ƙara, in ya zo wurin sai ta yi dum. Mama ta ce kwana uku ke nan yana haka, ya ce akwai abin da aka rufe a wurin.

Na durƙusa na faɗa masa. Duka. Sannan ya ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba ki son abu da lanƙwasa." Mama ta yi dariya, ni ban iya ba.

Ya ce in riƙe kurfin da awartaki, in sa bakinsa inda ya nuna da farce. Na ce ido fa, Baba? Ya ce in kula da nawa hannun, nasa ya san hanya. Duka na farko sai da na ji shi har haƙorana. Ya ce na riƙe kamar mai riƙe alli. Muka yi ta yi har la'asar, ɗan ɓarɓashi kawai ya fita. Sau ɗaya kurfin ya zame masabar ta sami babban yatsana. Laifina ne, na rufe ido.

Asabar, 31 ga Mayu

Ta fita. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, waldar ta ɓalle gaba ɗaya kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Gefen kwarmin ya ɗan ci rauni inda injin ya gurza, amma cikinsa yana nan.

Baba ya ajiye masaba ya sa tafinsa a ciki. Ya zauna daram. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "A ina aka same ta?"

Na ce tono ta aka yi, Baba, daga ƙasa. Na ɗauko gwangwanin madarar na zuba masa lakar a hannu. Ya murza, ya kai hanci. Ya ce ta ramin gawayi ce, ga baƙi-baƙi a ciki.

"To Philemon ya gama aikin da na sa shi."

Mama ta shige ɗaki. Ni na zauna ina kallon farcena da ya yi baƙi, don in na ɗaga kai ban san abin da zai faru ba. Can sai ya ce akwai fartanyar maƙwabcinsu da bakinta ya miƙe, kuma damina ta riga ta sauka. Ya ce zugazugi ba wuya, fatar akuya ce da bututu, zai faɗa wa Mama yadda za ta ɗinka. Sai dai babu mai hurawa. Ya faɗi haka yana fuskantar wani wajen.

Na ce ni dai ranar Asabar kawai nake da ita.

Litinin, 2 ga Yuni

Malama Aishatu ta ga yatsana a ɗakin malamai, ta ce ƙofa ce ta datse ni? Na ce a'a, a maƙerar babana na samo. Ta ce ba manomi ba ne? Na ce maƙeri ne, kakana ma haka. Ta ce ai kuwa sallah ta matso, wuƙaƙenta duk sun dakushe, za ta kawo gobe. Ta tura mini kwanon ƙosanta kamar kullum, muka ci.

Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Gajiya ce wataƙila.

Har yanzu ban samo wa makaranta ƙararrawa ba. Kada in manta da gawayi ranar Asabar, Baba ya ce na itacen ƙirya, ba na girki ba.