Hutun da Na Ba Inna

Tasawa, 4 ga Maris

Yaya Bintu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara.

Jiya na kai Inna likita. Tansiyonta ya hau, wato hawan jini, an kuma sami ciwon sukari. Da ta hau sikeli, kilo casa'in da huɗu. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran gida: ranar da na ɗauko ta daga Attantane, shekara shida ke nan, hamsin da takwas ne.

Likita ya tambayi abin da take ci da aikin da take yi. Na ce shinkafa da mai, makaroni, shayi da madara, lemun kwalba. Aiki kuwa babu, ni na hana. Ba turmi, ba rijiya, ko masallaci a moto nake kai ta. Ya daɗe yana dubana.

Yaya, na ɗauka hutar da ita nake yi. Ko na yi kuskure?

Ƙanenki, Namadi

Attantane, 15 ga Maris

Namadi,

Muna lafiya. Saƙonka ya iso.

Yanzu kake tambaya? Matar da ke noma wake ita kaɗai, ta yi daka, ta je kasuwar Gidan Amumune a ƙasa, ka zaunar da ita kan tabarma kana ɗura mata mai. Da na yi magana a bikin Zuhura ka ce hassada ce, don jama'a na ta cewa Namadi ya iya riƙon uwa, dubi yadda ta yi jiki.

Maido ta. Nan akwai fura da tuwon hatsi, akwai inda za ta taka.

Ka gaida ta.

Bintu

Tasawa, 2 ga Yuni

Yaya Bintu,

Ki gafarta jinkiri. Sau uku na rubuta amsa ina yagawa. Gaskiyar ita ce kunya nake ji a ce na gaji da uwata na maida ta ƙauye. Na gwada a nan: na ɗauke sukari, matata ta rage mai. Inna ta yi kuka, ta ce, "Namadi, me na yi maka?" Sai na maido mata.

Yanzu gwiwoyinta ba su ɗaukarta. A zaune take salla. Wata uku na ɓata don bakin mutane.

Ran Lahadi zan sa ta mota. Ki roƙa mini gafararta, ni na kasa.

Ƙanenki, Namadi

Attantane, 20 ga Yuni

Namadi,

Zannuwan da ta bari a nan ba su zagaya ta. Jiya ta nace sai ta ga rijiya. Ta huta sau biyar a hanya. A amalanke muka maido ta, tun lokacin ba ta tashi ba.

Na faɗa mata saƙonka. Ta ce yaron nan bai taɓa barinta da yunwa ba.

Ka zo da wuri. Kada ka riƙo komai.

Bintu