Murfin Inji Mai Lamba Bakwai

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, sati uku ke nan ko abinci ba ya yi mini daɗi.

Shekara ashirin da shida na yi ina gyaran inji a masaƙar garinmu kafin a rufe ta. Yanzu gwamnati za ta mayar da ita wurin tarihi na ƙasa, har da gidajen ma'aikata. Ni kaɗai na rage cikin makanikai, shi ya sa aka kira ni in haɗa injinan yadda suke a da. Na yi murna, wallahi. Da na shiga zauren, warin baƙin mai yana nan, har ƙusar da nake rataye rigata.

Damuwata inji mai lamba bakwai ne, na tsefe auduga. Yana da murfin ƙarfe da ke rufe haƙoransa. Wata shekara aiki ya yi yawa, manaja ya ce buɗe murfin na cin lokaci idan auduga ta toshe, in cire shi. Na cire, noti huɗu ne kawai. Washegari abokina, wanda muke kira Dogo, ya dawo daga hutu, ya dafa inda ya saba dafawa, injin ya cinye hannunsa na dama. Kafin masu bincike su iso na mayar da murfin. Aka rubuta cewa shi ya buɗe shi inji na gudu. Da ya farfaɗo bai tuna komai ba, ya yarda. Waɗanda suka gani suka yi gum saboda aikinsu, yau duk sun rasu.

Malama, 'yarsa ce matar ɗana, jikokinmu uku. Kuma Dogon aka zaɓa ya riƙa tsayawa gefen injin yana yi wa 'yan makaranta bayani. Rannan na ga yana gwaji, ya ɗaga dungulmin hannun yana dariya, wai ga ladan ganganci. Na shige bayan inji na yi kuka. Saura wata ɗaya a buɗe wurin. In ɗaure murfin in yi shiru, ko in rusa gidan ɗana?

Tsohon Makanike

Baba, na karanta wasiƙarka sau biyu. Abu biyu ka yi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Cire murfin umarni ne daga sama, kai ma kana da iyalin da za ka ciyar. Mayar da shi kafin bincike kuwa naka ne, kuma shi ne ya sa mutumin nan ya yi shekara da shekaru yana zargin kansa.

Tsoronka yana kan hanya. Dogo zai iya ɗauke maka ƙafa, surukarka za ta ji zafi, ba zan yi maka alkawarin gafara ba. Amma a da, mutum ɗaya shirunka ya cutar. Nan da wata ɗaya za a rubuta ƙaryar a allon bayanin injin, kuma da bakinsa za a riƙa koya wa yara ita.

Kada ka fara da hukumar wurin. Ka je gidan Dogo a satin nan, ku biyu kawai. Ka faɗi abin da ya faru yadda ka rubuto mini, kada ka fake da manaja, kada kuma ka matsa masa ya yafe nan take. Daga can ka wuce wurin ɗanka, ya ji daga bakinka. Abin da za a rubuta a allon, da ko za a ambaci sunanka, ka bar wa Dogo. Hannunsa ne.

Murfin kuma kada ka ɗaure shi tukuna. Ka jingine shi gefen injin da notinsa huɗu, sai Dogo ya faɗi inda za a sa shi.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sanyaya tasa.