Mai Dakon Dila a Dutsen Fanisau

Fagge, Kano.

Zuwa ga Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna? Allah Ya sa aikin idon ya yi kyau, Ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai kewarki da ta cika gidan. Na zaɓi takarda ne don duk lokacin da na kira ki a waya 'yarki tana kusa, ta kasa kunne.

Maganar keken Jawahir ce. Tun da kika tafi Maiduguri ta hana ni sakat a kan koyon hawan dutse da keke. Ban manta sharaɗinki ba: duk inda take ina gefenta, in ba haka ba a jingine keken. Ita kaɗai gare mu, ban ga laifinki ba.

Wuri biyu na duba. Na farko wasu samari ne da ke taruwa a Titin Ibrahim Taiwo, suna ɗaga ƙafar gaban keke a tsakanin adaidaita sahu, ba mai hular kwano ko ɗaya. Ko sallama ban yi musu ba. Na biyu a Sabon Gari yake, shagon wani mai sayar da kekuna, Uchenna, wanda ke kai ɗalibai duwatsun Fanisau kowace Asabar da safe. Kafin ya yi zancen rajista sai da ya nemo hular da za ta zauna daram a kan hijabinta. Akwai kuma mace cikin malaman, Malama Magret, 'yar Zariya, da 'yan mata a cikin ɗaliban. Nan hankalina ya kwanta.

Aji biyu gare su: na masu farawa a fili, da na sama, masu sauka gangare. Wai sai an gwada mutum kafin a ba shi aji. Dariya na yi. Na gaya wa Uchenna ina dakon dilar atamfa a keke daga Kwari zuwa Sabon Gari tun bai yi haƙori ba. Ki yi wa Jawahir addu'a ta kamo ni.

Ki gaida Inna da mutanen gida.

Naki,
Mala.

*

Fagge, Kano.

Falmata,

Sallama da gaisuwa. Yaya mai jiki? Na ji ta fara gane fuskoki, alhamdu lillahi. Ni ma lafiya, in ban da gwiwa da haɓa.

An yi gwaji. 'Yarki ta sauko gangaren nan a tsaye kan feda, hijabi na kaɗawa, ko gezau. Ashe duk zagayen da take yi a tsakar gida tana kallon waya ba shirme ba ne. Nan take suka sa ta ajin sama. Da aka zo kaina, ban kai rabi ba na tsinci kaina a ƙasa, keken a bayana yana juya taya.

Uchenna bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ce tun daga yadda na hau ya gane. Mai dakon dila kwanciya yake yi a kan keke ya danne gaba, don kada nauyin baya ya ɗaga shi. A kan titi dabara ce. A gangare kuwa, ba dila a baya, kai ne za ka riga keken sauka. Shekaru sun shuɗe rabona da dako, amma jikina bai sani ba. Aka haɗa ni da yara, har da wani mai wawulo da ke kira na Kaka.

Abin da ya fi faɗuwar ciwo shi ne wannan. Ba wanda ya ce mata komai, Jawahir ta je wajen Malama Magret ta ce a mayar da ita ajin masu farawa, don mahaifiyarta ta ce sai a gefen babanta. Ta wuni tana zagaya mazugan robar da aka jera a fili tare da yara, ba ta ɓata rai ba. Amma na gan ta sau da yawa tana ɗaga kai tana kallon 'yan ajin sama a kan dutse. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayinta.

Ƙarshen wata za a sake gwaji, daga nan a rufe ajin sama sai baɗi. Na san in na roƙe ki za ki sassauta, amma ba zan roƙa ba. Ni na hana ta, ni zan kai ta.

Ki shafa min kan Inna da addu'a.

Mijinki mai ɗingishi,
Mala.

*

Fagge, Kano.

Falmata tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai farin ciki. Yaya Inna, yaya gajiyarki? Ki zauna kafin ki karanta.

Kullum bayan sallar asuba muna zuwa gangaren nan na bayan makarantar firamare. Maƙwabta sun sha kallo. Alhaji Abdulƙahhar da ya gan ni cikin wandon motsa jiki da hular kwano, sai da ya tambaye ni ko kasuwa ce ta karye na koma acaɓa. Na yi ta faɗuwa. Duk wanda ya ce min in ja baya, sai in ce to, amma da keken ya sunkuya sai ƙirjina ya koma gaba da kansa.

Jawahir ce ta gano bakin zaren. Wata safiya ta sa na nuna mata daidai inda nake ɗaure dila a tsohon kekena. Na nuna mata bayan sirdi, saman taya. Ta ce to daga yau ni ne dilar, in kai kaina can in zauna, in bar hannuwana su yi tuƙi. Na kalle ta kamar ta zage ni. Amma na gwada, Falmata, keken ya sauka lami lafiya. Abin da na kasa ji a bakin malamai, na ji shi da zancen atamfa.

Jiya aka yi gwajin. Na tsaya a saman dutsen na leƙa ƙasa. Na yi bisimilla, na miƙe kan feda, na kai ƙuguna inda dila ke zama. Duwatsu na wucewa, birki na kuka, ni dai ina nan a baya daram. Ban san na iso ba sai da na ji yaran ajinmu suna tafi, mai wawulon nan yana tsalle. Uchenna ya miƙo min hannu ya ce barka da shiga ajin sama. Jawahir ta zo ta kama hannun rigata ta riƙe, idanunta cike da hawaye. Ni ma na juya na ce ƙura ce.

A ranar muka hau da 'yan ajin har can sama. Sai dai in gaya miki gaskiya a kan sharaɗinki. Zama a gefenta ya fi ƙarfina, yarinyar nan tashi take yi. Amma duk kwanar da ta sha sai ta taka birki, ta sauke ƙafa, ta waiwayo tana jira har in ƙaraso, sannan ta ci gaba. Sharaɗinki ya cika, ba a karya shi ko sau ɗaya ba, amma ita ce take cika shi.

Ki dawo da wuri ki gani da idonki. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya dawo mana da ke cikin aminci.

Naki har kullum,
Mala, ɗan ajin sama.