Sabuwar Muryar Motar Alhaji

Haɗeja, daren Laraba

"Wallahi Umma, mai kawai zan riƙa zuba mata." Haka Habibu ya ce ranar da na miƙa masa makullin motar marigayi babansa. Yau ya dawo daga Kano an dasa mata wata 'yar na'ura a kwamfutar inji, wai ta ƙara gudu. Gudu zuwa ina? Hanyar Kirikasamma, inda shanu ke tsallaka titi da magariba?

Na karanta takardar na'urar. Masu ita sun rubuta ba ruwansu da abin da zai biyo baya. Shi hoton ya kalla.

Shekara goma na san muryar motar nan tun daga kwana. Yau gurnani ta shigo da shi. Ya kashe ta, makulli na hannunsa, amma ta ci gaba da numfashi. Fitilunta suka kama da kansu, suna haska ƙofar ɗakin Alhaji.

"Zafi ne, Umma," in ji shi. Amma bai matsa kusa ba.

Na ba shi zuwa sallar Juma'a ya cire. In ba haka ba, kawunsa na Guri zai ɗauke ta, ta koma dakon busasshen kifi.